Ɗauka Uku

Na kafa kyamara a zauren Kaka a Rafindadi,
bayan la'asar, rana na kwararowa ta ƙofa
kamar an kifar da ƙwaryar nono a kan daɓe.
Ido na ganin ciki da waje a lokaci guda.
Kyamara ba ta da wannan haƙuri:
in ta ga titi, zaure ya zama rami,
in ta ga zaure, titi ya ƙone fari fat.

Sai na ɗauka sau uku, ina riƙe da numfashi,
ɗaya don duhu, ɗaya don haske,
ɗaya a tsakani kamar mai rabon faɗa.
Da dare na zuba su a kwamfuta na dama,
na ja nan, na tura can,
har azara ta fito ɗaya bayan ɗaya,
har gidan zanzaro ya bayyana a kusurwa.
Na kwana ina yi wa kaina kirari.

Da safe na kai wa Malam Tsalha mai hoto,
can wajen Ƙofar Guga, inda shagonsa
har yau yake warin ruwan wankin fim,
ko da yake ya shekara ashirin bai wanke ko ɗaya ba.
Ya goge tabarau da bakin riga. Ya daɗe.
Ƙuda ya sauka a kan allon, ya gaji, ya tashi.

Ya ce, "Lawandi, wanga fari da ya kewaye ƙofa,
wa ya shafa mata alli?
Sama ta yi shuɗi kamar an tsamo ta daga marina,
ban taɓa ganin irinta bisa Katsina ba.
Ga akuya mai kai biyu,
ta gifta tsakanin ɗaukar fari da ta ƙarshe.
Duk wannan mai gyaruwa ne.
Amma ina inuwar?
Ka kore ta kamar tana bin ka bashi.
Don inuwa ake gina zaure, yaro.
Wanda ya shigo naka ba zai sami wurin zama ba."

Na ce na gode. Bakina ne ya ce.
Na hau babur, har na wuce Gobarau
ina ba shi amsa a cikin raina:
tsoho ne, zamani ya bar shi a tasha,
me ya sani ban da baƙi da fari?

Kwana huɗu ban buɗe hoton ba.
A na biyar Gwaggo Indo ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, "Kai, gidan wane ne wannan mai kyau?"
Ita da ta yi rarrafe a zauren.

Na mayar da duhu inda na same shi.
Na bar azara uku, sauran na ce su kwanta.
Na wanke allin, na rage wa sama baba,
na bar akuya da kan da Allah ya ba ta.
Tsalha ya duba, ya ce, "To."
Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi,
sannan ya ce, "Ƙofar ta ɗan karkace."

Jiya Hajo, ɗiyar maƙwabcinmu,
ta kawo mini nata a waya:
hasumiya sanye da farin zobe,
gajimare kamar an shafa masa gawayi.
Ta tsaya tana murza gefen hijabi.
Maganar Tsalha ta taso mini har haƙori,
da allin, da marinar, ba abin da na manta,
kuma na ji daɗin nauyinta a harshe.
Wannan daɗin ne ya ba ni tsoro.

Na jawo mata kujera.
Na ce, "Kafin ki danna, me idonki ya gani?"
Ta ce, "Tantabaru ne, Yaya. Sun tashi."
Muka duba tare. Babu su a ciki.