Layin Tabawa

Shekara uku ina auna Jos da ƙafa,
daga Gangare har Dutse Uku,
takalmi huɗu suka mutu a hanya.
Na zana Dilimi yadda take karkata,
na ɗiga shuɗi a kowane kududdufin kuza,
na rubuta a gindi da ƙananan baƙaƙe:
kada a kwafa sai da izinin mai ita.

Wata Talata a Taminus
na ga yaro yana ɗaga taswirata,
ɗari biyar, an datse sunana,
an datse gargaɗin.
Na sayi ɗaya, hannuna na rawa.
Na sayi gumina da kuɗina.

A kotu lauyan Sabi'u mai injin bugu
ya gyara hular gashinsa, ya ce:
"Ranki ya daɗe, wa ya mallaki titi?
Shi ya haƙa Dilimi? Shi ya dasa duwatsun Shere?
Wannan gargaɗin kuma, wa ya sa masa hannu?
Takarda ce ke magana ita kaɗai."

Ban musa ba. Dutse ba nawa ba ne.
Na ce a shimfiɗa tasu a tebur,
a duba bayan Rikkos, dab da tsohuwar rijiya.
Mai shari'a ta sa tabarau, ta karanta:
Layin Tabawa.
Na ce a aika a nemo shi.
Masinja ya wuni a cikin keke,
ya dawo da ƙishirwa.

Babu Layin Tabawa a Jos.
Tabawa uwata ce. Shekara talatin tana haya,
ta rasu ba ta da ko taku ɗaya da sunanta.
Ni na ba ta layi, tsawon ƙwayar shinkafa.
Wanda ya saci akuya da dare
bai lura da tsagar kunnenta ba.

Hukunci ya ce gari na kowa ne, zanen nawa;
ba gargaɗina ya ɗaure Sabi'u ba, doka ce.
Aka yanke diyya. Ya ɗaukaka ƙara.
Kuɗin lauya ya cinye gonar dankalina,
fayil ɗin yana can yana ƙiba.

Jiya a Farar Gada wata baƙuwa
ta tare ni, kwafin sata a hannunta:
"Baba, don Allah, ina Layin Tabawa?"
Na daɗe ina kallon takardar.
Na ce, "Yana nan, 'yata.
Ba a dai gama shi ba tukuna."