Ƙaurar Kifayen Baba

Taku goma sha ɗaya ne daga falo zuwa ɗakin Baba.
Na ƙirga da dare, ba takalmi.
Wuni guda cur muka yi a hanya.

Shekara tara akwatin gilashin nan na jingine da bangon gabas,
tun ranar da ya rungumo shi a a-daidaita-sahu
daga Sabon Gari har Gandun Albasa.
Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya daina jin magana,
falo ya yi masa nisan Zariya.
Da ido ya ce a kawo masa su.

Nafi'u ya ce mu cicciɓe shi da ruwansa, ai mu huɗu ne.
Baba ya daki katifa da hannun hagu.

Sai na sa tiyo a baki na zuƙa,
na haɗiyi ruwan shekara tara,
ɗanɗanon gansakuka da tsohon kwabo.
Mansura ta yi dariya har ta zauna daɓas.
Jarka shida muka aro wurin mai garuwa.
"Kar a zubar," in ji Baba daga ɗaki,
harshensa na jan ƙafa.

Kifi na ganinka mai jar koma.
Alhaji, mai tumbin nan, da kansa ya shigo raga
kamar wanda aka kira rabon kuɗi.
Mai Lalle da ƙannenta suka sha mu da gudu
har ruwa ya jiƙe mini hannun riga.
Bokitin wanka ya zama masauki, muka rufe da faifai.

Na zaro soson matata, baƙi ƙirin,
na nufi famfo da omo a hannu.
Kofin silba ya faɗi a ɗakin Baba.
Da gangan.
Ya kama wuyan hannuna
da ƙarfin da ban san ya rage masa ba:
"Dattin nan ke riƙe da su."
Na matse soson a tsohon ruwa, sau biyu,
na bar shi da baƙinsa.

Yashi kwano-kwano,
duwatsun da ya tsinto a bakin Tiga,
sannan akwatin, wayam,
ni ina tafiya da baya, Nafi'u na cewa hagu, hagunka,
ƙofa ta bar mana yatsa biyu.
Teburin ya yi ɗingishi.
Inna ta ninke tsohuwar kalanda ta cusa masa a ƙafa.

Muna jona injin iska aka ɗauke wuta.
Ba wanda ya yi mamaki.
Mansura ta tsaya da kofi, ta ɗiba ta tsiyayo daga sama,
ta ɗiba ta tsiyayo,
har aka kira la'asar.

Ruwan ya yi kamar tsarin gero.
Na ƙirga inuwoyi: bakwai.
Baba ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga uku.
Ina Maigadi, baƙin nan mai lasar gilashi?
Muka birkice bokiti, muka leƙa ƙasan kujera,
Inna na ta salati.
A cikin ɗan tulun ado muka same shi, a tsakar gida,
manne da ruwan da bai kai cokali uku ba,
yana numfashi, bai kula kowa ba.

Yanzu a falo akwai wani fili a bango
inda fenti bai tsufa ba.
Inna kan tsaya gabansa da tire a hannu,
sai ta tuna, ta juya.

Da dare ɓulɓul ɗin na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Baba.
Kwana biyu ruwan ya kwanta, ba wanda ya taɓa shi.
Bayan asuba na leƙa:
ya ɗan tsunkuli abincinsu da hagu,
rabi ya zube a bargo,
rabi ya isa.
Alhaji ya taso, baki buɗe,
bai tambayi da wane hannu ba.