Tashin Mai Dogon Barci

A Teruel, inda ƙasa ja ce kamar garin barkono,
inda sanyi ke yankan kunne tun rana ba ta leƙo ba,
nan ake kawo jiragen da sama ta sallama.
Ni ce Nieves Lahoz. Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kwantar da su, ina rufe musu ido.

Wannan mai inji huɗun ya zo shekarar annoba,
matuƙa biyu, fasinja ko ɗaya babu.
Na toshe masa hanci da jan ƙyalle,
na liƙe tagoginsa da farar leda,
na cusa ƙullin maganin laima a maƙogwaronsa.
Duk mako biyu mu ja shi taku kaɗan
kada taya ta gaji da kwanciyar gefe guda.
Fermín ya ce, "Aikin banza.
Gwangwanin lemo za a yi da shi."

Ɗan'uwansa da suka sauka rana ɗaya
shi ƙaddarar ta faɗa wa.
Ina tsaye zarto ya shiga kafaɗarsa.
Aka sayar da ƙofofi, aka sayar da kujeru,
na ɗauke famfon mansa na sa a kanta, na rubuta lamba.

Sai ga saƙo daga masu shi.
Sababbin da suka biya kuɗinsu ba su iso ba,
masana'anta ta ce baɗi,
baɗi ta zo ta ce a ƙara haƙuri.
Mutane kuwa sun dawo, sun cika layi da akwatuna,
kowa na da inda ake jiransa.
Ku tashe shi, in ji su.
Fermín ya sosa ƙeya:
"Ashe da tsohuwar zuma ake magani."

Ɗana Lorién yana can Toulouse
yana ɗaure noti a jikin wanda ake jira.
Da dare ya kira ni, muryarsa duk gajiya:
"Mama, fiffike ya zo, kujeru ba su zo ba.
Jiya kujeru ne suka zo babu waya."
Na ce ci abinci, ka kwanta.
Ban gaya masa jinkirinsa ne ke ciyar da ni ba.

Wata uku muna kansa.
Sheƙar tsuntsu a ramin taya, ƙwai biyu sun huce.
Littafin dubawa ya fi bulo kauri,
kowane layi sai na sa hannu da sunana.
A aljihun kujera ta arba'in da biyu
na tsinci safar yaro, ƙafa ɗaya, mai zanen kifi.
Mai ita yanzu ya isa shiga aji huɗu.
Famfonsa ya ƙi tashi.
Na je kanta na ɗauko na ɗan'uwansa.

Ranar Talata inji na farko ya yi tari,
ya yi tsaki, ya kama.
Na uku sai da muka lallashe shi.
Tumakin bayan waya suka watse,
makiyayin ya zage mu, hularsa a hannu.

Ya bi titi da nauyin wanda ya manta tafiya,
sannan ya tuna.
Ban ɗaga masa hannu ba, sifana na riƙe.
Ni da ban taɓa wuce Valencia ba
na san kowace jijiya ta abin da zai kwana Singapore.

Inda ya bari, shatin taya ashirin
da ciyawar da ta girma a inuwarsa.
Kafin la'asar an jawo wani wurin,
ɗan shekara shida, fentinsa ko ƙwarzane babu.
Injinansa, aka ce, sun fi shi tsada,
gobe za a kwance su a ba wani haya.

Na hura hannuna.
Na ce, Fermín, miƙo min jan ƙyallen.