Gwangwanin Isansi

Ni ce mai riƙon gwangwanin.
Na madara ne a da, Nomau ya tsaga murfin da wuƙa
daidai shigar dala biyar.
Kowace Laraba nakan zaga gari da shi,
in karkaɗa a ƙofar zaure kafin in yi sallama,
har karnuka sun san ƙararsa.

Ba adashi ba ne, babu ranar kwasa.
Kuɗin isansi ne na babur mai ƙafa uku
da ke kwana a gindin bedin gidan Jadi,
da ƴar katifa a bayansa,
da jan ƙyalle a bisa kara.

Su huɗu ne. Sati biyu suka yi a Madarunfa
suna koyon tsai da jini,
da yadda ake juya wanda ya suma.
Suka dawo da akwati ɗaya, tocila ɗaya.
Albashi kuwa, sai dai sannu.
Nomau noma yake, Jadi gyaran rediyo,
Tsayaba ta karɓi haihuwar rabin garin nan,
autansu Ila ko gemu bai tsiro ba.

Kun ce me ya kai tsohuwa wannan yawo?
Damina tara ke nan
da kububuwa ta sari maigidana a gonar gyaɗa.
Muka ɗora shi a amalanken shanu.
Gulbi ya kawo, sai da muka zagaya.
Kansa a cinyata, ina ƙirga takun shanun,
ina ce masa saura kaɗan.
Muna hango fitilun Maradi
hannunsa ya saki bakin zanena.

Ba kowa ke sakawa ba.
Barmo, da na tsaya a ƙofarsa,
ko kai bai ɗaga daga igiyar da yake tufkawa ba:
"Ajali ba ya tambayar lita nawa ta rage."
Na ce haka ne.
Na wuce, gwangwanin na kuka a hannuna.

Ranar da gaɓar rijiya ta zabtare da ɗansa
ana tsakar yasa,
ba a tsaya buɗe littafin masu biya ba.
Nomau ya ɗaura igiyar guga a ƙugu,
gaba goma sha biyu cikin duhu,
muna sama muna jin tarinsa.
Da suka fito, hannuwa suka yi caa za su ciccibe yaron,
Tsayaba ta daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa wuyansa!"
Ƙyauren ɗakina aka cire, aka kwantar da shi a kai.

Lita ɗaya da rabi ke cikin tanki.
Wannan makon abin da na tara ke nan.
Babur ya yi tari ya mutu kafin Jiratawa.
Jadi da Ila suka tura shi cikin rairayi,
Barmo a baya yana turi, takalmi ɗaya a ƙafa,
har wani mai shayi ya juye musu kwalbar da ke babur ɗinsa.

Yaron yana nan, yana ɗingishi, yana kiwon awaki.

To, ku masu sa musu albarka, mun gode,
amma albarkar baki ba ta tada inji.
Tayar baya ta suɗe kamar tafin hannu,
safar hannu ta ƙare tun watan jiya,
batirin tocila a rana muke shanya shi.

Laraban da ta wuce na bi ta ƙofar Barmo ban tsaya ba.
Ya biyo ni har bakin turke,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Ya ninke jaka guda, ya sake ninkewa,
ta ƙi shiga.
Sai da Nomau ya zo da wuƙarsa
ya ƙara wa murfin baki.