Kyamara Mai Ƙyafta Ido

Na kafa ta kan ƙafafunta uku a bakin gadar Kwalkwalawa,
na ce mata: duk sakan goma
ki dubi fadama sau ɗaya, ki riƙe.
Tun daga asuba har rana ta faɗa bayan Dundaye.
Hoto dubu huɗu da ɗari uku.

Da dare na jera su a kwamfuta
don in ga yini guda ya kwarara cikin minti uku
kamar kunu daga bakin ludayi.
Sai ga Rima tana ƙyafce,
haske, duhu, haske, haske, duhu,
kamar ƙwan lantarkin zaurenmu in janareto ya fara tari.
Gonar Modi ta yi kore, ta yi toka, ta komo kore.
Kulu ta leƙo ta bayan kafaɗata:
"Wanga yini naka, masassara garai?"

Na zargi batir. Ba ruwansa.
Na zargi kati.
Na zargi zafi, don nan Sakkwato ce,
ƙarfe ma neman inuwa yake da azahar.
Na yi mata rumfa da tsohuwar lema,
na koma ran Talata.
Jiya i yau.

Sai na zauna ina bin su ɗai-ɗai,
yadda ake tsince tsakuwa a shinkafar Wurno.
Na dubu da sha bakwai: duhu.
Me ya faru a nan?
Balbelu ne suka sauka, farare tas,
ita kuwa na bar mata wuƙa da nama,
ta ga fari ta razana, ta runtse.
Suka tashi, ta buɗe.
Wani mai farar riga ya gifta a kwalekwale,
ta sake runtsewa.
Ashe ba rana ce ke sauya magana ba,
mai kallon ce ke son daidaita wa kowa.

Na karɓe linzamin.
Faɗin ƙofar haske, ni na yanka.
Tsawon buɗewarta, ni na ƙidaya.
Na ce fari ɗaya ne tun safe har magariba,
kada ki ƙara yanke shawara ba da ni ba.
Ƙyafcen ya ragu.
Bai mutu ba.

Ladan mai gyara, can cikin Tsohuwar Kasuwa,
ya ɗaga gilashin gaban ya saita shi da ƙofa.
"Dibi ganyen ƙarfen ga da ka tsukewa.
Sau dubu huɗu ka ce su rufe daidai wa daida?
Ko mai awon gero, in ya kai mudu dubu huɗu,
wani ya yi tozo, wani ya rame.
Tsuke su sau guda, ka murɗa gilashin kaɗan su tsaya cik,
ka liƙe da salatif.
Kuma sa mata baƙin tabarau ta daɗe tana dubi.
Mai saurin kallo shi ka yawan ruɗewa."
Bai karɓi ko sisi ba, shayi kawai na biya.

Ran Asabar Rima ta tafi sumul.
Inuwar gada ta ja jiki ta shige ƙarƙashinta,
ta fito ta ɗaya gefen ba tuntuɓe.
Balbelu suka zama zaren auduga a iska.

Saura wuri guda, bayan la'asar:
hoto goma sha ɗaya, duk sun dushe.
Har na ɗora yatsa zan shafe bambancin,
sai na buɗe su.

Girgije ne. Na farkon bana, daga gabas,
bai fi tabarmar mutum biyu ba.
Ga Modi tsaye cikin albasar da ya baza,
ya cire malafa, ya ɗaga kai.
Ban san ko murna yake ba,
ko lissafin buhu.

Kulu ta ce, "Ga saura nan, ba ka gyara ba."
Na ce, wannan ba daga gare mu ba ne.