Ɓaraka Tun Tana Ƙarama

Shekara uku Jazuli na zaune a hannun damana,
a shagonmu na Kasuwar Barci.
Shi ke fitar mini da wuyan riga,
layinsa bai taɓa karkacewa ba.

Da madubi abin ya faro.
Wata Talata na tarar ya lulluɓe shi da ragowar shadda,
ya ce, "Oga, akwai mai leƙenmu ta ciki."
Na yi dariya.
Allah ya yafe mini dariyar nan.

Sai barci ya yi masa ƙaura.
Ya daina cin garau-garau, wai an sa wani abu a man.
Ya ɗinke aljihun wani alhaji ruf
don kada maganar ta shiga.
Wace magana?
Ya nuna keken ɗinki da haɓa:
"Ba ka ji ba? Kowane taku sunana yake kira."

A layinmu kowa likita ne.
Mai guga ya ce ƙwaya ce,
mai maɓallai ya rantse iska ce,
kawunsa ya taso daga Rigasa da igiya a buhu.
Na tare ƙofa.
Ni tela ne, ban san sunan ciwon ba,
amma na san halin ɓaraka:
tana tsawon ɗan yatsa, zare kaɗan take ci,
ka kawar da kai, ta kai kafaɗa.

Muka ƙetare gada zuwa Barnawa,
ni da shi da mahaifiyarsa a a-daidaita.
Kogi ya cika, ya yi ja.
Ya damƙe hannun rigata kamar ɗan yaye.

Likitar ba ta fara da allura ba.
Kujera ta jawo, ta ce,
"Muryoyin nan, me suke gaya maka?"
Wata biyu cur babu wanda ya tambaye shi haka,
har da ni.
Ya yi ta magana har aka kira azahar.
Ta ce mun zo da wuri.
Mahaifiyarsa ta ce a sake faɗa mata, ta sake.

Ba a rana ɗaya aka warke ba.
Maganin na sa shi gyangyaɗi da hantsi,
wandonsa sai da na ƙara masa ƙugu.
Duk Laraba rabin yini shago a kulle,
masu kaya na ta ƙorafi.
Uwar na tofa addu'a,
tana ƙirga ƙwayoyin a murfin kwano.

Jiya da kansa ya yaye shaddar daga madubi,
ya auna ta, ya ce za ta yi aljihu biyu.
Na ce, "Keken fa, yana kira?"
Ya ce, "Jefi-jefi. In ya kira, zan gaya maka."
Sannan ya miƙo hannu:
"Ba ni almakashi."

Na yi jim.
Ya ga na yi jim.
Na ba shi.