Ƙishirwar Bango

A Gambarawa, gidan marigayi Malam Jari,
ɗansa ya aiko kuɗi daga Fatakwal,
ya ce a shafe zaure da siminti kafin Juma'a,
shi kansa bai zo ya duba ba.

Na kinkimo buhu biyu tun da asuba,
na tankaɗe yashi, na jawo cokali.
Sallau ya ce, "Ajiye. Ɗauko guduma.
Wa ke shafa mai a jikin da bai wanku ba?"

Ya bi bangon da bayan yatsa,
ƙwas, ƙwas, kamar mai zaɓen kankana.
Inda ya amsa da nauyi, ya wuce.
Inda ya yi kukan ganga, ya zana gawayi:
"Nan tsohon yaɓe ne ya saki,
yana tsaye don kunya, ba don ƙarfi ba."

Na yi ta ɓamɓara har hantsi.
Farar ƙasa bisa farar ƙasa, Sallah bisa Sallah,
na ƙirga bakwai, na bar ƙirga.
Can ƙarƙashi hanyar gara ta hau har azara,
ta ci ta ƙoshi, masu gida ba su sani ba.

Gindin bango ya yi furfurar kanwa,
damina ce ke bi ta ƙasa tana lasa.
Ga tsaga kamar zare, ya ce in faɗaɗa ta.
Na ce, "Gyara muka zo ko ɓarna?"
Ya ce, "Je ka tambayi wanzami,
ko ƙurji na warkewa in ba a buɗe ba."

Bayan ƙyaure, daga ƙugu zuwa sama,
na tarar da zanen ƙusa, layi bisa layi,
gefensa da ajami: Tanimu, Tanimu, Tanimu.
Yaro ne ke tsawo, uba na awo.
Na ƙarshen ya tsaya daidai kafaɗata.
Na ɗaga guduma, hannuna bai sauka ba.

Sallau ya ɗauki hoto da tsohuwar wayarsa,
ya tura Fatakwal, ya ce, "To, kankare.
Siminti ba ya zama a kan tausayi."

Muka share da tsintsiya har ta koma kututture,
muka kafa ƙusoshi, muka ɗaure ragar waya,
don jar ƙasa da siminti sai da mai shiga tsakani,
maƙwabta ne, amma ba dangi ba.

Mai ruwa ya sauke jarka shida.
Na yayyafa, bango ya shanye, ya yi tsit.
Na ƙara, ya tashi ƙamshin ruwan farko.
"Bango mai ƙishirwa ɓarawo ne," in ji Sallau,
"zai sace ruwan kwaɓinka, ya bar maka gari.
Ba shi ya ƙoshi, amma kada ya yi hawaye."
Muka dama siminti tsararo kamar koko,
muka watsa, ya yi kaushin bayan kada.

Da magariba wani ya leƙo daga lungu,
ya ce, "Wuni guda ba ku yi komai ba?"

Sai waya ta yi ƙara. Tanimu ne, murya na rawa:
"Wurin nan na bayan ƙyaure, kun riga kun fasa?"
Sallau ya dube ni, ya dubi kwalin
da na kafa da ƙusa huɗu tun azahar.
Ya ce, "Yarona malalaci ne, Alhaji,
har yanzu bai kai wurin ba."